Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Kiyaye Sirrin Mara Lafiya da Takardun Asibiti

Wanda ya zo asibiti yakan faɗa wa ma'aikaci abin da bai faɗa wa mahaifiyarsa ba, yakan kuma buɗe jikinsa a gaban mutumin da bai taɓa gani ba, domin ya amince cewa abin da aka ji da abin da aka gani ba zai wuce ɗakin ba. A garuruwanmu, inda nas da mai yankar kati da mara lafiya sukan haɗu a masallaci ɗaya ko a gidan biki ɗaya, magana guda da ta fita tana iya kashe aure, ko ta sa a fasa baiko, ko ta sa mutum ya daina zuwa karɓar maganinsa har ciwo ya ci ƙarfinsa. Abin da na lura da shi a wannan aiki shi ne ba kasafai sirri yake fita da mugun nufi ba. Yawanci ta baki yake fita a wajen hira, ko ta folda da aka bari a kan tebur, ko ta hoton da aka ɗauka da waya, don haka a kan waɗannan ƙananan abubuwa wannan bayani zai fi tsayawa.

A Najeriya doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da maganin da aka yi masa, da zamansa a asibiti, sirri ne. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti nauyin hana waɗanda ba su da izini kaiwa ga takardu, ya kuma tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyu, ga wanda ya kwafi takardar mara lafiya, ko ya canza ta, ko ya lalata ta ba tare da izini ba. Sai kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman.

Kayan da ake bukata

Ana bukatar ɗakin kati mai ƙofa da makulli, ko aƙalla kabad na ƙarfe mai kwaɗo, da foldoji masu bango wanda ba a ganin abin da ke ciki. Ana bukatar littafin shige da fice na folda, da katin da ake sakawa a gurbin foldar da aka ɗauka, da ambulan na saka sakamakon gwaji, da takardar neman izini wadda mara lafiya zai sa wa hannu ko ya dangwala yatsa, tare da tawadar dangwalawa. Sai labule ko shamaki mai tayoyi, da zanen rufe jiki. Inda ake aiki da kwamfuta, kowane ma'aikaci ya kasance da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, kuma in da hali a samu wayar asibiti wadda ba ta kowa ba ce. Daga ƙarshe akwai bukatar wurin ƙona takardu.

Ƙaramin asibitin ƙauye ba lallai ya samu duk waɗannan ba. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo yana iya maye gurbin kabad, littafin makaranta mai bango mai ƙarfi ya isa ya zama littafin shige da fice, igiya da zannuwan gado biyu sun isa su zama labule, takardar da aka ninke aka danne da sitefula kuma tana yin aikin ambulan.

1. Ku san abin da ake rufewa da lokacin da aka yarda a buɗe

Sabon ma'aikaci yakan ɗauka sunan ciwo kaɗai ne sirri. Zuwan mutum asibiti ma sirri ne, haka sashen da ya shiga, da ranar da aka ba shi ya dawo, da irin maganin da ya karɓa. Idan kuka ce wa maƙwabciya kun ga wance a layin awo, kun riga kun sanar da cikin da wataƙila ko mijinta bai sani ba tukuna.

Dokar 2014 ta ba da damar fitar da bayani a wurare ƙidayayyu: idan mai shi ya yarda a rubuce, idan kotu ta ba da umarni ko wata doka ta wajabta, idan yaro ne kuma iyayensa ko mai kula da shi suka nema, idan mutum ba ya cikin halin da zai iya ba da izini kuma wakilinsa ya nema, sai kuma idan rufewar za ta zama babban haɗari ga lafiyar jama'a. Tsakanin ma'aikata kuwa, wanda yake da hannu a kula da mara lafiyar shi ne yake da haƙƙin sani, kuma gwargwadon abin da aikinsa yake bukata. Sanya farin kaya bai ba ma'aikacin wani sashe damar buɗe foldar ƙawar matarsa ba.

2. Wajen yankar kati

Nan ne wuri na farko da ake yin ɓarna, saboda cunkoso. Ku ja layi a ƙasa ko ku ajiye benci nesa da taga kamar taku uku, domin mutum ɗaya kaɗai ya tsaya a gabanku. Ku tambayi suna da shekaru da unguwa da lambar waya da murya ƙasa-ƙasa, kada ku tambayi abin da ke damun mutum a nan sai dai abin da zai nuna muku ɗakin da za ku tura shi. Tambayar "Me ya kawo ki?" a gaban mutum ashirin tana tilasta wa mace ko dai ta yi ƙarya ko ta tona kanta.

A nan ne kuma ya kamata a yi tambayoyi biyu da ake yawan mantawa: ko lambar wayar da aka bayar ta mara lafiyar ce ko ta wani, da kuma wanda ya yarda a yi wa bayani game da shi. Mata da yawa lambar maigida ko ta ɗansu suke bayarwa. Ku rubuta wannan a fili a shafin farko, domin wanda zai kira daga baya ya san da wa zai yi magana. A bangon folda kuwa sunan mara lafiya da lambar katinsa kaɗai ake rubutawa. Kada a rubuta sunan ciwo, kada kuma a yi wata alama da jan biro wadda kowa a asibitin ya san ma'anarta, domin cikin mako guda masu shara da masu gadi da 'yan rakiya duk za su gane ta. Wajen kira, lambar layi ta fi, kuma in za a kira suna kada a haɗa shi da sunan sashe.

3. Ɗakin duba mara lafiya

Ku rufe ƙofa, ku ja labule, ku duba taga, musamman wadda take kallon baranda inda ake zaman jira. Inda likita biyu suke raba ɗaki ɗaya, a raba teburan zuwa kusurwa biyu, a sa shamaki, kuma duk tambayar da ta shafi al'aura, ko ciki, ko shaye-shaye, ko taɓin hankali, a jira ɗayan ya fita ko a nemi wani ɗaki.

Batun 'yan rakiya shi ne ya fi wuya, kuma yana bukatar dabara. A al'adarmu ba a barin mara lafiya ya zo shi kaɗai, kuma wanda ya rako shi sau da yawa shi ne ya biya kuɗin mota da na kati, don haka korarsa da gatsali rashin mutunci ne. Kuskuren da ake yi shi ne a tambayi mara lafiya a gaban mai rakiya ko yana so ya fita. Amarya ba za ta taɓa cewa uwar mijinta ta fita ba. Ku ɗauki nauyin a kanku, ku mai da shi ƙa'idar asibiti. Ku fara sauraron mai rakiyar, ku gode mata, sannan ku ce: "Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Yanzu zan duba ta, don Allah ki ɗan jira mu a waje, haka muke yi wa kowa, in na gama zan kira ki." Bayan ta fita sai ku tambayi mara lafiyar abin da take so a faɗa da wanda ba ta so. Sau da yawa a wannan minti biyar ɗin ne ainihin abin da ya kawo ta yake fitowa, domin wadda ta shigo da ciwon kai tana iya zama zubar jini take yi tun wata biyu.

Idan namiji zai duba mace, a samu ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin, a buɗe wurin da za a duba kaɗai, a rufe sauran jiki da zane. Idan mara lafiya Fulatanci ko Barbarci kaɗai yake ji, a nemi ma'aikacin da ya iya harshen ya yi tafinta. In babu, mara lafiyar ne zai zaɓi wanda ya amince da shi, kuma kada a sa yaro ƙarami ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a kan ciwon mata. Ɗalibai masu koyon aiki ma sai an gabatar da su an nemi izini kafin su tsaya.

4. Rubutu a folda da tafiyarta

Ku rubuta abin da magani yake bukata, da kwanan wata da lokaci da sa hannu. Labarin rikicin gida da mara lafiya ya ba ku don ya samu sauƙin zuciya ba shi da gurbi a folda sai in yana da alaƙa da ciwon. In kun yi kuskure, ku ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, ku rubuta daidai, ku sa hannu. Gogewa ko yage shafi laifi ne.

Duk foldar da ta bar ɗakin kati a rubuta lambarta, da wanda ya ɗauka, da inda za ta, da lokaci, a kuma saka kati a gurbinta. Ma'aikaci ne yake kai folda daga ɗaki zuwa ɗaki. Na san a asibitoci da dama ana miƙa wa ɗan rakiya folda a ce ya kai ɗakin gwaji saboda ƙarancin ma'aikata, kuma da wuya ya isa bai buɗe ba, in bai iya karantawa ba ya nemi wanda ya iya. Inda babu masinja, a tara foldoji a kai su sau biyu ko uku a rana, ko a ba mara lafiyar takardar gwajin kaɗai a ninke. Kafin a tashi aiki a duba littafin, duk foldar da ba ta dawo ba a bi sawunta a ranar. Makullin ɗakin kati yana hannun mutum sananne a kowane zango na aiki, ba a rataye shi a ƙusa.

5. Ɗakin kwanciya

Gado yana kusa da gado, kuma masu jinya suna zaune a tabarma a tsakani, kunnuwansu a buɗe. Lokacin zagayen likita a roƙi masu jinya da masu dubiya su fita, a tattauna sunan ciwo da sakamakon gwaji a teburin nas kafin a iso bakin gado, a bar wa bakin gado tambayar jiki da dubawa. Labari mai nauyi, irin na ciwon daji ko cutar ƙanjamau, ba a faɗarsa a tsakiyar ɗaki ko da an ja labule, domin labule ido kaɗai yake tarewa. A kai mutum ofis, in kuma ba ya iya tashi a zauna kusa da kansa a yi magana a hankali lokacin da ɗakin ya yi sauƙi. Miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa a yi shi a ofis da ƙofa a rufe. Foldoji su zauna a durowar nas, kada a bar su a ƙarshen gado.

6. Sakamakon gwaji da karɓar magani

Sakamako na mai shi ne, a hannunsa ake ba shi, a rufe, bayan an tabbatar da suna da lambar kati, domin a gari ɗaya ana iya samun mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. In wani aka aiko, sai ya zo da katin mara lafiyar, kuma ya kasance sunansa ne aka rubuta tun farko. Ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya fassara sakamako ta taga.

Gwajin kafin aure yana bukatar kulawa ta daban, musamman tun da Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Waliyyai da iyaye sukan zo da ɗokin jin sakamako, wani lokaci ma su ne suka biya. Ku ga saurayin shi kaɗai, ku ga yarinyar ita kaɗai, kowa ya ji nasa, a yi masa nasiha, sannan a nemi yardarsu kafin a haɗa su. In an samu matsala, ku ba mai ita lokaci ya shirya yadda za a sanar, ku kuma tsaya ku taimaka masa. Takardar ƙarya kuwa ba a bayarwa ko wane ne ya roƙa. A wajen ba da magani ma, a yi bayanin yadda ake sha ba tare da ambaton ciwon da ƙarfi ba, a saka maganin a leda ko takardar da ba a ganin cikinta.

7. Idan wani ya zo neman bayani

Miji zai zo, uba zai zo, mai unguwa ko shugaban wurin aiki zai kira, wani lokaci abokin aikinku ne zai ce ku ɗan duba masa. Baligi mai hankali, mace ko namiji, shi ne mai bayaninsa, kuma biyan kuɗin magani ba ya mai da bayanin na mai biya. Amsar da ta fi aiki ita ce wadda ba ta tabbatar da komai ba kuma ba ta wulaƙanta mai tambaya ba: "Alhaji, ka yi haƙuri, aikinmu bai ba mu damar yin maganar kowa ba sai da izininsa, kai ma in ka zo haka za mu rufa maka. In kuna so, ku zo tare mu zauna." Ku kiyayi cewa "ba zan iya faɗa maka abin da ke damunta ba" da wata irin murya, domin wannan kaɗai ya isa ya sa zargi.

Inda ciwon yake iya kama abokin zama, kamar ƙanjamau ko ciwon hanta, hanyar ita ce a yi ta nasiha har mai shi ya yarda ya faɗa da kansa ko ya kawo abokin zaman a faɗa a gabanku. In ya ƙi, ku kai maganar ga babban likita, kada ƙaramin ma'aikaci ya yanke hukunci shi kaɗai. Dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 ta ƙara tsananta kare sirrinsu.

Ɗan sanda ko lauya da ya zo neman folda a tura shi ofishin shugaban asibiti da buƙatarsa a rubuce, kuma ko an amince kwafi ake bayarwa, asalin yana nan. Raunin harbin bindiga yana da hukuncinsa daban: wata doka ta 2017 ta wajabta a fara yi wa mutum magani nan take, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu. Wurin aiki ko makaranta kuwa takardar hutu ta ishe su, mai nuna kwanakin da likita ya bayar ba tare da sunan ciwo ba. Duk abin da aka fitar a rubuta a folda: wa aka ba, me aka ba shi, da wane izini.

8. Waya da kwamfuta

Kada ku ɗauki hoton mara lafiya, ko rauninsa, ko jaririnsa, ko shafin foldarsa da wayarku. Waya tana zuwa gida, yara suna wasa da ita, ana kai ta caji da gyara, ana kuma sace ta. In dole ne a nemi shawarar wani likita ta WhatsApp, a nemi izinin mara lafiya, a rufe suna da lamba da fuska, a tura wa likitan shi kaɗai ban da zauren ma'aikata, sannan a goge daga wayoyin biyu. Sanya labarin mara lafiya a Facebook ko TikTok, ko da don neman taimako ko addu'a ne, sai da izini a rubuce. Cire suna ba ya wadatarwa a ƙaramin gari, domin da an ce matar da ta haifi 'yan uku ranar Talata kowa ya gane ta.

In za ku kira mara lafiya, ku fara tabbatar da wanda ya ɗauka kafin ku ambaci asibiti. Saƙon tes kada ya wuce tunatar da ranar dawowa. A kwamfuta kuwa, ku juya fuskarta daga wajen jama'a, ku kulle ta duk lokacin da za ku tashi ko da na minti ɗaya ne, kada ku ara wa kowa kalmar sirrinku, domin duk abin da aka buɗe da sunanku ku za a tambaya. Ba a kwafar bayanai a filashi a tafi da su gida. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko aka yi masa canji, a rufe hanyar shigarsa a karɓi makullai.

9. Rahoton da hukuma take bukata

Cututtuka irin su kwalara, da sanƙarau, da ƙyanda, da zazzaɓin Lassa wajibi ne a sanar da su, kuma wannan ba tona sirri ba ne muddin an bi hanyarsa, wato ta jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, a kan fom ɗin da aka tanada. Ku gaya wa mara lafiya cewa za a sanar da kuma dalili. Rahoton wata-wata alƙaluma kaɗai yake ɗauka. Masu bincike da ma'aikatan ƙungiyoyi da suke son duba rijista sai sun nuna izinin hukumar asibiti a rubuce, kuma ba a barinsu su ɗauki hoton shafuka.

10. Tsofaffin takardu

Takardar gwaji da ta lalace, da fom da aka cika ba daidai ba, da tsohuwar rijista, ba a jefa su kwandon shara, domin daga bola sukan koma hannun masu ƙosai da masu tsire a naɗe abinci da su, da sunan mutum da ciwonsa a jiki. A ajiye kwali na musamman a cikin kabad, a riƙa ƙona abin da ya taru a gaban ma'aikaci har ya zama toka. Foldoji da rijistoci kuwa ba a ƙona su sai da amincewar hukumar asibiti a rubuce, tare da jerin lambobin abin da aka ƙona. Kwamfutar da za a kai gyara ko za a sayar sai an cire ma'ajiyar bayananta.

11. Idan sirri ya riga ya fita

Folda ta ɓata, ko an tura sakamako ga wanda ba shi ba, ko an sace waya mai hotuna: ku sanar da shugabanku a ranar, kada ku jira ku ga ko abin zai lafa. Ku rubuta abin da ya faru, da lokaci, da irin bayanin da ya fita, da wanda ake jin ya gani. A yi ƙoƙarin dawo da takardar ko a sa a goge saƙon, a canza kalmar sirri ko kwaɗo. Dokar 2023 ta ba da awa 72 a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya idan fitar bayanin tana iya cutar da masu shi, kuma wannan aikin hukumar asibiti ne, shi ya sa jinkirinku yake cinye musu lokaci. Sannan babban ma'aikaci ya kira mara lafiyar, a keɓe, ya gaya masa abin da ya fita da wanda ya gani, ya ba shi haƙuri, ya tambaye shi irin taimakon da yake bukata, misali a zauna da iyalinsa a yi musu bayanin ciwon yadda yake, ko a canza masa ranar zuwa da wurin karɓar magani.